Tsohon garin Jidda: ko ya cancanci mai Umara ya ware masa yini guda?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. In Allah ya yarda a watan Rajab zan raka Hajiyarmu Umara, kuma daga Jidda jirginmu na dawowa zai tashi. Yadda aka tsara tafiyar, za mu kwana a Jidda kafin mu wuce filin jirgi. Maigidana ya ce mu shiga tsohon garin da ake kira Balad, wai akwai gidajen tarihi. Ni dai abin da na sani game da Balad kasuwa ce, can ake sayo abaya da turare. Waɗanda suka taɓa shiga don kallo, me ke wurin? Kuma tsohuwa mai ciwon gwiwa za ta iya?

Hajiya 'Yar Kwari:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya kai ku lafiya, ya sa karɓaɓɓiya ce. Ni na daɗe ina Kano-Jidda, lungunan Balad babu wanda ban taka ba da kaya a hannu. Tsofaffin gidaje ne dogaye, wasu sun karkata har an tokare su da ƙarfe, ga kyanwoyi ko'ina. Ki shiga Suk Alawi ki sayi tsarabarki, dabino da turaren wuta da kayan ƙamshi, in zinariya kike so ki nemi layin masu zinariya, ki mayar da Hajiya masauki ta huta. Bayan ɗawafi da sa'ayi ƙafarta ba ta bukatar wani yawo.

Baban Walid:
Hajiya, a gafarce ni, amma a nan kam ba na tare da ke. Kin ce kin taka lungunan da kaya a hannu, to matsalarmu ke nan gaba ɗaya. Idonmu yana kan shago, gidan kuwa yana sama da shagon. Maman Hanifa, ki je, kuma in kin je ki ɗaga kai.

Garin nan ba ƙaramin gari ba ne a tarihin Musulunci. Kafin zamanin Sayyidina Usman ɗan Affan, tashar ruwan mutanen Makka tana Shu'aiba ne, kudu da Jidda, daga can ma sahabban farko suka shiga jirgi zuwa Habasha. A shekara ta 26 bayan hijira Sayyidina Usman ya mayar da tashar Jidda. Tun daga ranar, mahajjacin da ya zo ta teku, daga Masar yake ko Indiya ko Jawa ko ƙasashenmu, yawanci a nan yake fara taka ƙasar Hijaz. Hatsi da yadi da kayan yajin da Makka ke rayuwa da su ma ta nan suke shiga. Shi ya sa da UNESCO ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, sunan da aka rubuta shi ne Jidda ta tarihi, ƙofar Makka.

Abin da zai fara ɗaukar idonki tagogin katako ne da suke kira rawashin. Ba taga ba ce irin tamu da ake fasa bango a liƙa. Ɗaki ne ƙarami na katako da ya fito waje daga jikin ginin, an sassaƙe shi da ƙananan ƙofofi masu raga, wani ruwan ƙasa, wani kore, wani shuɗi. A wasu gidajen tun daga hawa na ɗaya har na huɗu katakon a haɗe yake. Matan gida suna zaune ciki suna ganin mai wucewa, shi ba ya ganinsu, iskar teku kuma tana ratsowa. A nan suke ajiye tulun ruwa ya yi sanyi. Na shiga ɗaya daga gidajen da aka buɗe wa baƙi, na zauna a kan dakalin da ke cikin tagar. A titi zufa nake yi har rigata ta jiƙe, amma a wurin, babu fanka babu na'urar sanyi, iska ce ke bugun bayan wuyana. Gani ya kori ji.

Kada ki fito ba ki ga Gidan Nasif ba. An gina shi tsakanin 1872 da 1881, na wani babban attajiri ne, Umar Nasif. Da Sarki Abdul'aziz ya karɓi Jidda a ƙarshen 1925, a gidan ya sauka. Matakalarsa faɗi gare ta kuma ba ta da tsini, mutanen garin suna cewa raƙumi yana hawa da kaya har sama. A ƙofar gidan akwai wata tsohuwar bishiya, da kin gan ta za ki gane ta, dogon yaro ce irin ta ƙofar gidajenmu. Ana cewa akwai lokacin da ita kaɗai ce bishiya a cikin garin, har masu aiko wasiƙa suna rubuta gidan da ke da bishiya.

Malam na Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ban hana kowa kallon gini ba, amma bari in tuna mana abin da ya kai mu. Salla ɗaya a Masallacin Harami ta fi salla dubu ɗari a waninsa. Mutum ya tara kuɗi shekara da shekaru, canji ya yi tsada, wataƙila wannan ce tafiyarsa ta farko kuma ta ƙarshe. In yana da yini guda a hannu, ni a ganina a gaban Ka'aba ya kamata ya ƙare shi. Sannan ina jin tsoron wani abu. Da an ce wuri na tarihi, sai ka ga mutanenmu suna shafa bango suna shafawa a fuska. A Jidda akwai maƙabartar da ake cewa kabarin Nana Hauwa'u yana ciki, direbobi suna kai mutane suna karɓar kuɗi. Babu wani ingantaccen hadisi da ya tabbatar da wannan. A kiyaye.

Maman Hanifa:
Allah gafarta Malam, na gode da tunatarwa. Sai dai mu ba mu muka zaɓi barin Makka ba, kamfanin ne ya tsara haka. Ko mun shiga Balad ko ba mu shiga ba, a Jidda za mu kwana.

Ɗalibi a Madina:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Maganar kabarin Nana Hauwa'u haka take, babu dalili a kanta, labari ne da ya daɗe yana yawo, har matafiyin nan na Andalus, Ibn Jubair, da ya sauka Jidda a 1183 ya ambaci wurin. Ƙubbar da ke kai ma an rushe ta tun farkon mulkin Sarki Abdul'aziz, yanzu maƙabarta ce kawai mai katanga. Babu abin gani.

Amma Malam, da izininka, zan raba abu biyu. Wanda ya je neman tabarruki a jikin bango daban, wanda ya je ya ga yadda mutanen da suka gabata suka rayu daban. Na biyun Alƙur'ani da kansa ya yi umarni da shi, a yi tafiya a bayan ƙasa a duba. Kuma a cikin Balad ɗin masallatai ne birjik, salla ba za ta wuce mutum ba. Masallacin Shafi'i da ke unguwar Mazlum yana cikin mafi tsufa, hasumiyarsa ta doshi shekara ɗari takwas, kuma har gobe ana salloli biyar a ciki. Na yi Magariba a can, sahu ɗaya da 'yan Yaman da 'yan Pakistan da 'yan Somaliya da wasu dattawa biyu da na ji suna Hausa bayan sallama. Tsakar masallacin a buɗe take, ginshiƙai da rufin katako kewaye da ita. Wanda ba a tilasta masa barin Makka ba, ya zauna a Harami, wannan na yarda. Wanda kuwa zai kwana a Jidda, tsakanin ya yini a otal yana kallon waya da ya je nan, ban ga abin ja ba.

Malam na Tudun Wada:
In haka ne babu laifi, ɗana. A dai gyara niyya, kuma a yi ɗawafin bankwana a natse kafin a fito, kada ɗokin Jidda ya sa a yi shi a gurguje.

Injiniya:
Ni magini ne, bari in ƙara a kan abin da Baban Walid ya faɗa, don akwai dalilin da ya sa Hajiya ta ga gidaje a karkace. Dutsen da aka yi ginin da shi daga bakin teku aka haƙo shi, dutsen murjani ne, suna ce masa mangabi. In kin matsa kusa da inda shafen ya ɓare za ki ga duk ramuka ne a jikinsa, wani wurin har da ɓawon katantanwa a maƙale. Ba shi da nauyi sosai, yana da sauƙin sassaƙa, amma yana shan ruwa, gishiri kuma yana cin sa. To magina sai suka yi dabara: duk bayan 'yan layukan dutse sai su shimfiɗa katako a kwance cikin bangon, ya zagaye ginin. Katakon yana raba nauyi, kuma in wani dutse ya ruɓe a ƙasa ana iya cire shi a sa sabo ba tare da na sama ya rufto ba. Daga waje za ki ga layukan katakon a jere a jikin farin bango. Sai a shafe shi da farar ƙasa don kare shi daga laimar teku.

Hijaz ba ta da dazukan da za su ba da wannan katakon. Jiragen ruwa ne suke kawo shi daga Indiya da tsibiran Jawa. Yawancin manyan gidajen da ke tsaye yau na ƙarni na 19 ne, lokacin da aka buɗe mashigin Suwez a 1869, jirage masu inji suka yawaita, mahajjata suka ƙaru, attajiran Jidda suka yi kuɗi. Ganuwa kuma ta matse garin, babu filin faɗaɗawa, sai aka yi ta hawa sama, hawa huɗu, biyar, har fiye. Tsawon ya yi musu amfani biyu, gidan yana kamo iska, lungun kuma yana samun inuwa.

Irin wannan gini kullum yana son hannu, kamar dai ginin tubali da azara, in an bar yaɓe damina biyu uku sai ya fara zuba. Da kuɗin mai ya zo masu gidajen suka koma sababbin unguwanni a arewacin gari, suka bar su a hannun 'yan haya, aka cusa mutane da yawa a gida ɗaya, ga bututun ruwa na yoyo, ga wayoyin wuta barkatai. Wasu gidajen gobara ta cinye, wasu suka faɗi da kansu. Ƙarafan da Hajiya ta gani na ceto ne.

Ɗan Damagaram:
Injiniya, ganuwar da ka ambata tana nan?

Injiniya:
Babu ita. An rushe ta a 1947 don gari ya faɗaɗa. Ƙofofin da ake gani yanzu, irin su Bab Makka, sake gina su aka yi don a san inda suke. Ita ganuwar a farkon ƙarni na 16 aka gina ta, Sarkin Masar Ƙansuh al-Guri ne ya turo kwamandansa Husaini al-Kurdi ya yi aikin, saboda Turawan Fotugal sun zagayo ta kudancin Afirka sun shigo tekun Indiya suna ƙona jiragen Musulmi. A 1517 kuwa sai ga su a gaban Jidda da rundunar jirage, aka tare su da igwa suka juya. Ka tuna tsakanin Jidda da Makka bai fi kilomita 80 ba. Da garin ya faɗi a ranar, hanyar Makka a buɗe take.

Ɗan Damagaram:
To ka ga abin da ke damuna. Mu a Nijar an sa tsohon garin Agadas cikin wannan jeri na UNESCO a 2013, shekara guda kafin Jidda. Badalar Kano kuwa tun 2007 take cikin jerin masu jiran gado, kuma duk wanda ya bi ta wajen ya san halin da take ciki, nan an ɗebi ƙasa, can an yanka fili. Birnin Damagaram ma haka muke kallon tsofaffin gidaje masu zane suna komawa bulo. Mutanen Jidda sun rushe tasu, yau suna kashe maƙudan kuɗi suna sake gina ƙofa. Mu tamu tana tsaye tukuna, wani ɓangaren dai.

Abu Yasir:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karanta ku ban sa baki ba, amma wannan maganar garinmu ce. A Jidda aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina. Kakana ne ya zo da ƙafa daga ƙasar Katsina. Yanzu ina Kano.

Duk abin da Baban Walid da Injiniya suka faɗa gaskiya ne, gidajen suna da kyau, kuma na ji daɗi da ake gyara su. A 2019 gwamnati ta ware riyal miliyan 50 don ceto gidaje 56 da ke gab da faɗuwa, daga baya aka faɗaɗa aikin. Amma ina so Maman Hanifa ta san wani abu kafin ta je. Waɗannan gidajen na attajirai ne. Mu takari ba a cikinsu muka zauna ba. Kakanninmu a bayan ganuwa suka yi bukkokinsu, su ne masu dako a tasha, su ne 'yan ga-ruwa a garin da ruwan sha ya fi komai wuya, matanmu suna wanki suna sayar da abinci. Daga baya unguwanninmu suka zama gari sosai a kudancin Jidda. Ni a wajen Karantina na tashi, inda za ka yini ba ka ji Larabci ba sai Hausa, ga mai tsire, ga mai fura, ga makarantar allo.

Daga ƙarshen 2021 aka fara rusau. Unguwanni fiye da sittin aka shafa, Gulail, Bitrumin, Sabil, Kandara da sauransu. Hukuma ta ce wuraren ba su da tsari, kuma maɓoyar masu laifi ne. Ba zan ce babu ɓata-gari ba, akwai. Amma akwai dattawan da suka shekara hamsin, sittin a gida ɗaya. Ɗan ƙasa mai takardar fili an yi masa tanadin diyya. Wanda ba ɗan ƙasa ba, ko da a nan aka yanke cibiyarsa, sai dai ya kwashe kayansa ya nemi haya mai tsada ko ya bar ƙasar. Da na koma ziyara na nemi layinmu, fili na tarar, ko alamar da zan ce nan ne ƙofarmu babu. Daga nan na wuce Balad, an sa fitilu, an buɗe wuraren shan gahawa, baƙi suna ɗaukar hoto. Wallahi kyau ya yi kyau. Amma na zagaya ina karanta allunan bayani, ban ci karo da wanda ya ambaci mutanenmu ba.

Hajiya 'Yar Kwari:
Allah sarki Abu Yasir. Wallahi ka taɓa min zuciya. A Karantina nake sauka wajen wata 'yar uwa shekarun baya, ita ke haɗa min kaya. Yanzu tana Kano ita ma, 'ya'yanta ko Hausar kirki ba su iya ba, suna ta fama. Kuma ko a cikin Balad ɗin, yawancin ƙananan 'yan kasuwar da na saba da su an tashe su saboda gyara. Wannan ma yana cikin abin da ya sa wurin ya fita raina.

Baban Walid:
Abu Yasir, Allah ya mayar da alheri. Ban da abin cewa a kan rusau, kai ka gani da idonka. Amma ni abin da ka faɗa ƙara min dalilin zuwa ya yi. In allon bai ambace mu ba, to wa zai gaya wa 'ya'yanmu in mu ma ba mu je ba? Alamarmu tana nan a garin ko ba a rubuta ba. Duk mai kallon ƙwallo ya san Usama Hawsawi da ya riƙe kyaftin ɗin Saudiyya, ga masu sunan Fallata, ga Barnawi. Tsiren da mutanen Hijaz ke ci da ƙuli da yaji, wa ya kai musu?

Abu Yasir:
Haka ne Yaya. Ban ce kada a je ba. Cewa na yi in an tsaya a Bab Makka a tuna da waɗanda suka fita ta nan da ƙafa, ba su da kuɗin raƙumi. A yi musu addu'a.

Bahaushen Sudan:
Gaisuwa daga jikokin waɗanda ba su ƙarasa ba, ko suka ƙarasa suka dawo suka tsaya a hanya. Ni asalin gidanmu Mai Wurno ne, a bakin Shuɗin Nilu. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas, su suka kafa garin. Hanyar hajji ta da ke nan: daga Kano ko Borno a ratsa Chadi, a shiga Darfur, a bi Kurdufan har Nilu. Tafiya ce ta shekaru. Guzuri ya ƙare a tsaya a yi noma, ko a yi ƙwadago a gonakin auduga na Jazira, a tara a ƙara gaba. Wasu an haife su a hanya, sun isa Makka da wayonsu. Ƙarshen tudu shi ne Sawakin, daga nan a shiga jirgin ruwa a tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda. Akwai kuma waɗanda mugayen mutane suka yaudara a hanyar suka sayar da su ko 'ya'yansu, don sai a 1962 aka haramta bauta a Saudiyya. Wannan ma tarihin tashar ne.

Abin da ya sa na kawo Sawakin, gininta da na Jidda iri ɗaya ne, dutsen murjani da rawashin. Da Turawan Ingila suka gina Port Sudan a farkon ƙarni na 20, ciniki ya koma can, aka watse aka bar ta. Na je kafin wannan yaƙin da muke ciki. Tsibirin duk tarin duwatsu ne, nan rabin bango, can ƙofa tsaye babu gida a bayanta, sai 'yan gine-gine kaɗan da Turkawa suka gyara. Wanda ya ga Sawakin ba zai raina ƙarfen da aka tokare gidan Jidda da shi ba. Hajiya, ki yi haƙuri, ni da na ga hotunan gyaran Balad daɗi na ji.

Hajiya 'Yar Kwari:
Allah ya kawo muku zaman lafiya, ɗan uwa. Ni ba gyaran nake ƙi ba. A gyara gida a bar mutanen da ke raya shi. Kasuwar da babu mai dako da mai shayi da mai ciniki har rantsuwa, ta zama wurin ɗaukar hoto kawai.

Injiniya:
Hajiya ta faɗi abin da masana wannan fanni suke ta muhawara a kai. Gidan da babu kowa a ciki ya fi saurin lalacewa, don babu mai ganin tsaga ranar da ta fara. Gine-ginen tarihi a Balad sun haura 600, ba duka za su zama otal da gidan kallo ba. Dole wasu su koma gidajen zama.

Maman Hanifa:
Kai, na tambayi abu kaɗan na samu karatu. Abu Yasir, Hajiyarmu kullum tana ba mu labarin wani ƙanen kakanta da ya tafi hajji da ƙafa ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Na karanta mata abin da kai da ɗan uwanmu na Sudan kuka rubuta, ta ce ko a keke ne sai an kai ta ƙofar nan. To yanzu ku ba ni tsari. Wane lokaci, ta ina za mu shiga, me za mu ci?

Ɗalibi a Madina:
Kun yi sa'a, Rajab a 'yan shekarun nan lokacin sanyi yake faɗowa, daga Disamba zuwa Fabrairu ne Jidda take da daɗi. Da bazara laimar garin ba ta da kyau ga tsoho. Kada ku je da rana tsaka, yawancin shaguna a rufe suke. Ku fita bayan La'asar, ku sami hasken ganin katakon, ku yi Magariba a Masallacin Shafi'i, bayan Isha kuma kasuwa take cika. Ranar Juma'a da safe babu komai. In ba motar kamfani za ta kawo ku ba, jirgin ƙasa na Haramaini da aka buɗe a 2018 yana zuwa daga Makka cikin kamar rabin awa, ku sauka tashar Sulaimaniyya, ita ce kusa da tsohon gari. Amma suna da ƙa'ida a kan yawan kaya, in jakunkunanku manya ne mota ta fi. Ki riƙe fasfo ko hotonsa da na biza a waya.

Baban Walid:
Mota ba ta shiga cikin lungunan, a baki ake sauka. Na ga ƙananan motocin lantarki suna ɗaukar tsofaffi, amma kada ki dogara da su, ki tafi da keken da kuka yi wa Hajiya ɗawafi da shi in naku ne. Manyan layukan an shimfiɗa musu dutse, keke yana tafiya, ƙananan ne ke da gargada. Ki fara daga Bab Makka tunda nan take so, ki bi Suk Alawi a hankali, zai kai ki har Gidan Nasif. A ƙarƙashin bishiyar akwai wurin zama. Hawa saman gidajen ba nata ba ne, ke ki hau ki ɗauko mata hoto. Ba kullum ake buɗe kowane gida ba, wani lokaci ana aiki a ciki, wanda kuka tarar a buɗe ku shiga.

Abu Yasir:
Abinci kuwa ki bar min. Na san mutanenmu, da an ce Jidda sai Albaik, gidan abincin nan na soyayyen kaza, kuma ba laifi, a garin aka kafa shi a 1974. Amma ki ɗanɗana na gargajiya. Akwai mutabbak, ana murza ƙullu ya yi siriri a zuba ƙwai da nama da ganyen albasa a ninke a soya a kan faranti, a gabanki za a yi. Akwai ma'asub, ayaba da burodi a dake da zuma da kirim, Hajiya za ta ji daɗinsa don ba ya son tauna. Akwai balila, wani dafaffen wake irin nasu, a wajen masu kura, da sobiya mai sanyi. Da a ce azumi ne da na ce ki nemi masu soya hanta, dare ɗaya na Ramadan a Balad sai wanda ya gani. In kuna da hali washegari da safe ku je kasuwar kifi ta bakin teku, ki zaɓi kifin najil ko jatan lande, a nan za a gyara miki, a kusa kuma a soya miki.

Autar Mama:
Aunty, kar ki manta da bakin teku! Da dare ku je Kornish ku ga ruwan nan na Sarki Fahad da ke tashi sama daga cikin teku, ya fi mita 250, an haska shi da fitilu. Ko daga cikin mota Hajiya za ta gani.

Hajiya 'Yar Kwari:
To tunda kun rinjaye ni, ƙanwata ga nawa. Ki canza kuɗinki tun a Makka ki riƙe ƙananan riyal. Duk abin da aka ce miki a Suk Alawi ki taya, ban da zinariya, ita da awo ake sayarwa, kuɗin aiki kawai ake ragewa. Turaren wuta kada ki saya sai an ƙona miki ɗan gutsure kin ji, akwai icen da ake jiƙawa da mai a ce na asali ne. Dabino ki ɗanɗana kafin a ɗaure. Kuma ki auna jakunkunanki kafin ki ƙara kaya, don a filin jirgi babu sani babu sabo.

Maman Hanifa:
Na gode ƙwarai Hajiya, Allah ya bar zumunci. Abu Yasir, wata tambayar daga Hajiyarmu. Ta ce wai akwai inda za a iya neman labarin wanda ya ɓata tun wancan zamanin? Sunansa da garinsu kawai muka sani.

Abu Yasir:
Mama ta yi haƙuri, abu ne mai wuya, yawancin waɗanda suka zo da ƙafa ba a rubuta su a ko'ina ba. Amma dattawanmu suna riƙe da nasaba, kowa ya san daga garin da kakansa ya fito. Da a wuri ɗaya suke, yanzu sun warwatsu, wasu Makka, wasu gefen Jidda, wasu gida. Ki turo min sunan da garin ta akwatin sirri, kada ki sa a nan. Zan tura wa baffana da ke Makka ya tambaya a majalisarsu.

Bahaushen Sudan:
Ni ma a turo min. Da yawa daga waɗanda gida ke zaton sun rasu a Makka, a wajenmu suka tsaya suka yi iyali, a Mai Wurno ko Gadarif ko Kasala. Yanzu yaƙi ya tarwatsa mutane, layin waya ma sai a hankali, amma zan sa a tambayi tsofaffi.